Layin da ke Sunan Hamisu

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Hamisu, amma har yau in aka saki ruwa a kan busasshiyar ƙasa, ƙamshin ya taso, ranar da suka zo ɗaukarsa nake komawa. Ina hutun makarantar lise a lokacin, na bi shi gonarsa a Jiratawa. Yana tsaye cikin laka tsakanin kunyoyin tattasai, wando naɗe zuwa gwiwa, sai mota ta tsaya a bakin hanya. Jami'an tsaro biyu suka sauko. Ba su ɗaga murya ba. Har suka jira shi ya wanke ƙafa.

"'Yar lakwal, rufe ruwan nan in ya kai ƙarshe," ya ce mini, da sunan da yake kirana don ina makaranta. "Kada ki tsaya kallon tsuntsaye gonar ta cika."

Na rufe ruwan. Tattasan kuwa wani ne ya cire shi.

Wanda bai san yadda muke zaune ba zai ga abin kamar tatsuniya. Lokacin da aka ce duk layin waya sai an yi masa rajista da katin shaida, mutane da yawa a Jiratawa da Tsibiri ba su da katin. Hamisu yana da shi, kuma bai iya cewa a'a ba. In zai shiga Maraɗi sayen taki, sai wannan ya ce a sayo masa pis, wato layin waya, waccan ta ce ita ma. Manoma, tsofaffi, matan aure, 'yan uwa da surukai, duk da sunansa suke waya. Yana dariya yana cewa shi ne mutumin da ya fi kowa surutu a Nijar.

Shekarun nan ne 'yan bindiga suka fara tsallako iyaka suna ɗaukar mutane. Aka yi doka a kan abin da ake turawa ta intanet, aka ce za a sa ido, kuma da yawa cikinmu mun yi murna. Babanmu, da ke zaune a Tsibiri, ya fi kowa. An taɓa ɗauke wani abokin kasuwancinsa, aka ce ta bin sawun waya aka gano inda yake. Baba yakan ce su saurara mana, mi za su ji a wayarsa in ba addu'a ba? Ban ga laifinsa ba, har yanzu ma. Na ga fuskar matar mutumin nan ranar da mijinta ya dawo.

Abin da aka tuhumi Hamisu da shi, an ce wani saƙon murya ne da ya zaga gari, na wani mutumin ƙauye yana kuka yana cewa an sanar da hukuma kafin a kawo musu hari, ba ta zo ba. An bi sawun waɗanda suka yaɗa shi, aka sami lamba, aka sami suna. Ya ce shi ne ya tura. Suka ce ƙarya ne, domin na'urarsu ta nuna ba daga Jiratawa saƙon ya fita ba, kuma mutum ɗaya mai layuka da yawa haka, lallai ƙungiya yake ɓoyewa. Abu guda suke so, sunan mai riƙe da lambar. In ya faɗa, ya tafi gida.

Na je ganinsa a kaso tare da matarsa Hadiza. Bazara ce, kuma shi tun yana yaro yana fama da ciwon ƙirji. Ya rame har kunnuwansa sun yi girma.

"Yaya, ka faɗi mana. Ko wane ne, shi ya ja wa kansa."

"Ke da kike rubuta waƙoƙi, ashe zuciyarki ta jandarma ce," ya ce, yana murmushi. Tari ya tare shi. Da ya lafa sai ya tambaya, "Baba fa, yana cin abinci?"

Ban iya gaya masa abin da Baba ya ce ba. A zaure, gaban mutane, ya ce ɗan da ya zaɓi 'yan iskan abokai a kan sunan gidansu, ya zauna can ya ji. Ya hana Inna zuwa. Shi kansa ƙafarsa ba ta taka wurin ba ko sau ɗaya.

Mutanen da Hamisu ya saya wa layi kuwa, a mako guda suka jefar da su. Wasu da suke shiga gidanmu ba sallama suka koma canza hanya in sun hango Hadiza a kasuwa. Ba wanda ya je ya ce, ni ma da sunansa nake waya, al'adarmu ce, ba ƙungiya ba ce.

An sake shi da suka ga ba zai tashi ba. A ɗakinsa na Jiratawa ya cika, kafin ruwan farko. Baba ya yi masa salla, ya karɓi gaisuwa, idonsa a bushe.

Ina tambayar kaina me zai ce da ya ga yau. Masu mulki sun sauya, kunnen da ke bayan waya bai sauya ba. Wasu daga cikin waɗanda suka yi wa dokar tafi, ita ce ta kai su inda ta kai shi. A gurup ɗinmu na dangi babu abin da ake turawa sai barka da Juma'a da hoton jarirai. In ƙawata za ta gaya mini abin da ke damunta, sai ta ajiye wayarta a wani ɗaki, ta jawo ƙofa. 'Yan bindigar kuwa suna nan suna waya. Ina jin da zai yi dariya ya ce yanzu shi ne ya fi kowa shiru a Nijar, amma mun kusa kamo shi.

Ba na cewa kada a nemi mugu. Ina cewa na'ura tana gane lamba da wuri, ba ta san wanda ya aro sunan wani ba, kuma ba a ba yayana wurin da zai yi wannan bayani a saurare shi ba. Abin da ya rage mini nasa shi ne ɗiyarsa, mai tafiyarsa sak, da kuma sanin cewa akwai mutumin da aka ce ya sayi numfashinsa da suna guda ya ƙi.

Bara Baba ya rasu. Bayan sadakar arba'in, muna wanke kwanoni a bayan gida, Hadiza ta ce Hamisu ya rantsar da ita kada ta faɗa muddin tsohon yana da rai. Tun kafin jami'an su zo gona sun kira Hamisu, sun karanta masa lambar. Ya gane ta Baba ce. Ya hau babur ya tafi Tsibiri, ya ce wa Baba layinsa ya lalace, ya sa masa wani. Baba bai taɓa sauraron saƙo har ƙarshe ba. Duk wanda ya fara da sallama, turawa yake yi ga kowa, don yana ganin lada ce.