Yadda Malam Hizikiya Ya Auna Amalanken Manu

Hezekiah mutumin Pankshin ne, aiki ya kawo shi Gumel tun kafin a yanke Jigawa daga Kano. Bai daɗe ba mutanen gari suka lanƙwasa sunansa ya koma Malam Hizikiya, shi ma ya amsa. Dogo ne siriri mai sanyin magana, yana aiki da wani shirin dashen itatuwa da aka kafa don tare hamada. Aikinsa renon 'ya'yan dogon yaro da gawo a cikin ledoji, in damina ta sauka ya raba wa ƙauyuka. Ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa, ranar Lahadi shi ke jan babbar murya a ƙungiyar mawaƙan coci. Aibinsa ɗaya ne, in har aibi ne: duk abin da aka faɗa masa a natse, da gaske yake ɗaukarsa.

Matarsa Justina, wadda unguwa ke kira Maman Rejoice, tela ce. Keken ɗinkinta ke tufatar da rabin matan layinsu, kuma ta fi mijinta saurin baki nesa ba kusa ba.

A shekarar 1993 aka tura shi bita Kano. Can wani malamin jami'a ya ɗaga fitilar ƙwai a gaban jama'a, ya ce ba wani kaya da ake ƙerawa sai ya ci wani abu daga jikin ƙasa. Wanda ke son sanin yawan abin da ya ci, sai ya kwance kayan gaba ɗaya, ya ware ƙarfe daban, gilashi daban, auduga daban, ya auna nauyin kowanne, sannan ya ninka da yawan itace ko gawayi ko ruwan da ake ƙonawa ko zubarwa kafin a samu kilo ɗaya na irinsa. Sauran mahalarta na ta leƙen ƙofa ko shinkafar rana ta iso. Hezekiah kuwa zama ya yi baki buɗe, kamar wanda aka yi wa wahayi.

Da ya dawo gida, fitilar ɗakinsu ya fara kwancewa. Ta haɗu lafiya, wannan ya ƙara masa ƙarfin gwiwa. Sai lemar Justina, wadda tun daga ranar ba ta sake rufuwa ba. Sai rediyo. Ita ma ta haɗu, sai dai ta daina kama kowace tasha in ba ta Damagaram ba, har gidan suka fara tsintar Faransanci. Ranar da Justina ta shigo ta same shi tsugune gaban keken ɗinkinta yana leƙa ƙarƙashinsa, ba ta ɗaga murya ba.

"Baban Rejoice, in ka taɓa ƙusa ɗaya a jikin keken nan, ni za ka kwance ka auna, don Pankshin zan koma gunduwa-gunduwa."

Da yamma ta sa aka kai keken gidan maƙwabciyarta Sabuwa, can ta riƙa ɗinkinta.

Shi dai duk wannan gwaji ne. Abin da ke cin ransa amalanke ne. A shekarun nan amalanken shanu ya yawaita daga Gagarawa har Sule Tankarkar, kowane magidanci na son nasa, kuma a ofis an gama yanke hukunci cewa masu ƙera su ke cinye itatuwan yankin. Ba wanda ya taɓa aunawa. Hezekiah ya ƙudura shi zai auna.

Akwai wani manomi a Ɗanzomo, Manu, wanda ke ɗaukar wa shirin 'ya'yan itace da amalankensa duk damina. Mutum ne mai kunya, ba ya iya cewa a'a ga ma'aikacin gwamnati. Da Hezekiah ya roƙe shi aron amalanken don a auna, sai ya zaci ɗorawa za a yi kan wani abu a sauke, har ya raya a ransa ƙila sababbin tayoyi za a raba. Sharaɗi ɗaya ya kafa: ranar Alhamis yana da buhunan zoɓo da zai kai kasuwar Maigatari. Hezekiah ya ce ai kafin azahar ɗin Laraba an gama.

Sikeli ya aro wurin Sajo mai sayen fata, irin mai ƙugiya da ake ratayawa, wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce kilo hamsin. Safiyar Laraba ya iso Ɗanzomo a kan babur, da sikeli da sifana da guduma a cikin buhu. Ya rataya sikelin a reshen wata tsamiya da ke ƙofar gidan Manu. Manu ya shiga gida ya kawo wa baƙonsa fura. Kafin ya fito, taya ɗaya na ƙasa.

Ya tsaya da ƙwarya a hannu, ya tambaya ko tayar ce ta lalace. Hezekiah ya yi masa bayani dalla-dalla, yadda malamin Kano ya yi. Manu bai gane komai ba sai abu ɗaya, cewa amalankensa za a mayar itacen girki. Amma baƙo ne, kuma ya riga ya ce to. Ya ajiye furar, ya zauna a gindin tsamiya ya zuba ido.

Kafin hantsi ya ɗaga rabin ƙauyen ya hallara. Hezekiah ya shimfiɗa tabarmi, katako a nan, ƙarfe a can, roba a can, igiya da fata a gefe. Duk katakon da ya ɓamɓaro sai ya kankare busasshiyar laka da kashin shanun da ke jikinsa, don kada su shiga nauyin itace. Da tarin ya yi yawa sai ya zuba shi a buhu, shi ma ya auna. Mutane suka dubi juna. Wani tsoho ya ce shi dai ya ga zamani, gwamnati ta fara auna kashin shanu.

Tayoyin suka ba shi wahala, ba don nauyi ba, don tunani. Tsofaffin tayoyin mota ne da aka yar a Kano, Manu ya tsinto a kasuwar 'yan gwangwan. To laifin robar a kan wa yake, mai motar da ya fara cinye ta ko Manu da ya cece ta daga bola? Ya faɗi matsalar a fili, ai kuwa dattawa suka karɓe. Wasu suka ce mai mota, wasu suka ce a raba biyu. Ana cikin haka mai unguwa ya kawo wadda ta fi. Ya ce amalanke ba shanu ai rumfa ce kawai, in da gaske ake aikin sai an auna bijimai. Hezekiah ya juya maganar a ransa, ya ga tana da ƙamshin gaskiya. Ya dubi bijiman Manu guda biyu da ke tuƙa a inuwa, ya dubi sikelin Sajo. Manu ya miƙe a karo na farko tun safe, ya kwance dabbobinsa ya kai su bayan gida, ya ja ƙyaure.

A ƙarƙashin katakon ƙarshe aka samu wata 'yar laya, an ɗinke ta da jar fata an kafe da ƙusa. Mahaifin Manu ne ya sa ta tun amalanken na sabo. Hezekiah ya ɗauko reza, don a ƙa'idarsa fata daban take, takarda daban.

"Malam, ka kwance taya na yi shiru, ka kwance katako na yi shiru," in ji Manu. "Wannan kam a bar ta yadda Baba ya bar ta."

Hezekiah ya ji kunya, ya mayar da rezar aljihu, ya ba da haƙuri. Ya rataya layar yadda take. Allurar sikelin ko motsi ba ta yi ba. Shi ya san ƙarancin nauyi ne, amma jama'a suka ɗauki salati, aka ce laya ta ƙi aunuwa. Har an yi shekaru ana ba da labarin a Ɗanzomo.

La'asar ta yi kafin a gama awo, sannan aka zo mayarwa. A nan Hezekiah ya gano abin da ba a faɗa a bita ba. Amalanken da ya yi shekaru yana aiki, tsatsa da waya da sabo ke riƙe da shi. Katakan sun lanƙwashe kowanne daidai da maƙwabcinsa, shi kuwa ya jera su bisa nauyi, ba bisa mazauninsu ba. Ramukan ƙusa suka ƙi haɗuwa. Kowa a wurin ya tuna inda wani katako yake, kuma ba mutum biyu da suka tuna iri ɗaya. Manu da kansa ya rantse wani dogon katako na dama ne, aka buga, ya dawo ya ce na hagu ne. Da rana ta yi ja aka samu wani abu mai kama da amalanke, ya ɗan fi na da tsukewa, ga katako ɗaya da ƙusoshi cike da kwano sun yi saura.

Hezekiah bai koma Gumel ba. Ya aika wa Justina saƙo ta bakin wani direba, ya kwana a zauren Manu, da safe ya ce shi ma zai raka kayan Maigatari. Aka ɗora zoɓo, aka ɗaura bijimai. Tun daga bakin gari amalanken ya nuna halinsa: hagu yake ja. Bijimin dama na tafiya gaba, na hagu na neman shiga gonakin mutane. Hezekiah ya ajiye babur ɗinsa, ya bi gefe a ƙasa da sifana a hannu, duk inda ya ji ƙara ya ɗaure. Sun ci fiye da rabin hanya tayar hagu ta fice, ta wuce su a guje ita kaɗai, ta faɗa cikin wata gonar wake. Amalanken ya durƙusa, buhu biyu suka fashe, yashi ya yi ja da zoɓo.

Manu bai yi zagi ba. Ya zauna kan buhu ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, kuma wannan ya fi zagi zafi a wurin Hezekiah. Ya koma da sassarfa ya ɗauko babur, ya riƙa jigilar buhunan ɗai-ɗai zuwa kasuwa cikin rana, rigarsa ta rine ja kamar mahauci. Na ƙarshe ya isa lokacin da fataken Nijar ke ɗaure kayansu.

Justina ce ta gyara zumuncin. Ta wanke mijinta da faɗa son ranta, sannan ta tura shi ya kai amalanken wurin maƙeri a Sule Tankarkar aka sake shi sarai, ita kuma ta ɗinka wa matar Manu da 'ya'yansa kayan Sallah. Daga nan gidajen biyu suka saba, duk kaka sai buhun gero ya zo daga Ɗanzomo.

Lissafin kuwa ya ɗauke shi makonni. Ya haɗa katako da karkiya da doguwar sandar ja, ya samu kilo ɗari da arba'in da ɗoriya, wato kamar matsakaiciyar bishiya guda, a amalanken da ya haura shekara goma yana aiki. Don ya samu abin kwatantawa sai ya auna itacen da Justina ke ƙonawa a murhu. Ya maimaita lissafin, ya sake maimaitawa. Abin da amalanken ya ci a duk rayuwarsa, gidan Hezekiah na cinye shi kafin wata ya mutu.

Ya hau babur takanas ya je ya gaya wa Manu cewa amalankensa ba shi da laifi. Manu ya ce alhamdu lillahi, shi dama bai taɓa zarginsa ba.

Rahoton da ya rubuta bai san inda ya kwana ba, bai kuma bi sawu ba, don hankalinsa ya riga ya koma madafa. Justina ta wayi gari ta ga sikeli rataye a ƙofar kicin. Duk itacen da za ta sa a wuta sai an auna, tokar da ta rage ma sai an auna. Ya fara gina mata murhun laka mai rufaffen ciki, wai don kada zafi ya tsere. Na farko ya tsage ranar da aka hura shi. Na biyu ya mayar da hayaƙi cikin ɗaki, sai da suka ci tuwo a tsakar gida suna hawaye. Na uku tukunya ta shige ciki ta ƙi fitowa, aka fasa shi aka ceto miyar. Justina ta ce in ya gina na huɗu, shi zai riƙa girkin. Ya gina, ya kuwa yi girkin, kwana da kwanaki iyalin na cin tuwo mai gudaji.

Na huɗun ya yi. Ɗaurin itacen da ke ƙarewa a kwana biyu ya koma kaiwa huɗu, gindin tukwane ya rage baƙi. Sabuwa ta leƙo ta gani ta ce a gina mata, daga ita sai matan layin, daga nan har ƙauyuka. Da shirin dashen itatuwa ya tsaya wajen ƙarshen shekarun 1990, aka sallami ma'aikata, Hezekiah bai koma Pankshin ba. Ya koma renon mangwaro da gwaiba a bayan gidansa yana sayarwa, ranar Asabar kuma ya ɗaura bokiti a babur ya tafi ginin murhu duk inda aka kira shi, a sallame shi da wake ko kaza.

Justina ta sha gaya wa Sabuwa cewa murhun nan shi ne abu mafi amfani da ya taɓa shiga gidanta. Amma ta roƙe ta kada maganar ta koma kunnen Baban Rejoice, don ta ga ya fara tsayawa yana kallon injin markaɗen unguwa.