Igiyar da na jefa wa Sule

Kakarmu 'yar Kudan ce, aure ya kawo ta ƙauyenmu kusa da Gubuchi, shi ya sa kowa ke ce mata Ta-Kudan. Da an idar da sallar isha'i sai ta tura dankali cikin rushin murhunta, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take kira maigida, wai ban taɓa kawo cefane ba sai ci. Sule, ɗan baffana wanda na girme wa shekara biyu, shi ne mai surutu a cikinmu, ko tatsuniya ake yi sai ya tsayar da ita ya yi gardama.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba motar majigi ta zo Makarfi, muka bi yayyenmu a ƙafa. Aka kafa farin ƙyalle, aka nuna feshin auduga, sannan aka sako kaboyi. Wani mai faffaɗar hula a kan doki ya wulwula igiya, ya zarga ta a wuyan wani, ya ja shi a ƙasa, fili ya kaure da sowa. Da motar ta koma Gazara wasu suka bi ta, suka dawo suna rantsuwa sun ga mutumin da aka ja garau yana shan taba, har aka sake jan sa. Abin da muka ɗauka ke nan: wanda aka ja yakan tashi.

Daga nan muka bar langa, kowa ya mai da karan dawa bindiga, wanda aka harba ya ƙi faɗuwa sai a kama dambe. Wani hantsi aka aike mu ni da Sule mu kai jakin baffa fadamar rake. Na hau, na yi wa igiyarsa zarge, na ce Sule ya ruga. Ya ruga yana dariya. Sau uku ina kuskure, a na huɗu ta shiga wuyansa. Ɗaya bakin igiyar kuwa yana wuyan jakin. Ihun murnar da na yi ya firgita shi, ya yar da ni ya zabura yana jan Sule a ƙasa. Masu saran rake ne suka tare shi.

Sule bai mutu ba, amma muryarsa ta tafi. Da aka tambaye ni, na ce igiya ce ta harɗe shi. Shi kuwa ba shi da bakin ƙaryata ni.

Kwana uku ba tatsuniya. A na huɗu Ta-Kudan ta hura wuta, ba dankali, ta sa aka kwantar da Sule a cinyarta. Ta buɗe tatsuniya ta ce, "Ga wata baƙuwa a ƙofa." Muka ce ta shigo.

Wai wani yaro ne ya leƙa tafki, ya ga mutanen ruwa suna wasa. Wannan ya sare kan wancan, kan ya gangara, mai shi ya ɗauka ya mayar, su fashe da dariya. Yaro ya koma gida ya ɗauki lauje ya gwada da ƙaninsa. Ya mayar da kan, ya faɗo. Ya sake mayarwa, ya faɗo. Sai ya rungumi kan ya koma tafki yana roƙon su koya masa yadda ake liƙawa.

Nan ta rage murya. "Suka ce masa, yaro, dube mu da kyau, ka ga jini a jikinmu? Mu inuwa ne." Ta ce har gobe yana zaune a bakin tafkin da kan a hannu.

Ba ta rufe ta yadda ta saba ba. Ta dube ni ta ƙetaren wutar ta ce, "Maigida, yau ba ka da tambaya?" Na ce babu. Ta ce, "To, Allah ya kai mu lokacin da za ka samu."

Na girma na zama malamin makaranta a Ikara, na yi shekaru ina zane yara a kan zuwa kallo, ina ɗora wa majigi laifi duka. Sai da na fara furfura na lura cewa a tatsuniyar ba mutanen ruwa ne suka ɗauki lauje ba, kuma ba su aka bari riƙe da kan ba. Tsoro ya hana ni magana tana raye, wannan kuwa yana ci na har yanzu.

Sule ya zama tela, magana sai raɗa, sai ka kai kunne bakinsa. Bayan mun aurar da 'ya'ya na same shi a kan kekensa na ce, "Sule, ƙarya na yi. Ni na jefa maka, ka yafe mini." Ya tsayar da ɗinki, sannan ya jawo wuyan rigata.

"Yaya, na yafe tun tuni," in ji shi. "Ai ran nan jira nake ka sauko daga jakin in hau. Da kai zan jefa wa."