Ranar da Aka Ce Na Faɗa Teku

Shekarun baya, lokacin ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Daura, aka yi sanarwar ana neman malamai 'yan sa-kai da za su je wata ƙasa su yi shekara biyu. Na nema ne kamar da wasa. Da sunana ya fito, aka ce ƙasar tsibirai ce a tekun Fasifik. Na duba taswira, na ga 'yan ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda a kan shuɗin fenti, na ce ba komai, ai ko'ina ƙasar Allah ce.

Mahaifiyata ce kawai ba ta so ba. Da na je Sandamu yi mata sallama, ta daɗe tana tsince wake a faifai ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Yaran nan namu duk sun gama ilimin ne?" Daga baya dai ta sa albarka.

Daga Kano zuwa Abuja, daga nan jirgi ya miƙa mu ga jirgi, har na daina sanin wace rana ake ciki. Da na ƙarshen ya fara sauka sai na leƙa taga. Ba gida, ba gona, ba ko bishiya ɗaya. Ruwa ne iya ganin ido, ga shi kuma sai ƙasa muke yi. Na fara salati da ƙarfi. Matar da ke kusa da ni ta dube ni, ta ci gaba da cin gyaɗarta. Sai da na sallama rai sannan titin jirgin ya ɓullo daga gefen ruwan.

Mamaki kuma bai bar ni na huta ba. Ɗan sandan da ya nuna mana hanya ƙato ne mai gashin baki, amma zani ne ɗaure a ƙugunsa iya gwiwa, kuma ba wanda ya kalle shi sai ni. A masauki na yi alwala na fuskanci gabas, wani Musulmi ɗan ƙasar ya kama kafaɗata a hankali ya juya ni wajen faɗuwar rana. A can alƙibla yamma take. Na yi sallar, amma jikina na ta gaya min na ba Ka'aba baya.

Aka fara ba mu horo. Kwanakin farko cikin aji ne: gaisuwa da harshensu, yadda ake shiga gidan mai gari, abin da ake ci da wanda ba a ci. Wannan bai dame ni ba. Ɗaki ɗaya aka haɗa ni da wani malamin lissafi daga Neja-Delta, muka zama abokai tun ranar farko.

Wata safiya aka ce mu hallara a bakin teku. Mai horar da mu wata dattijuwa ce 'yar ƙasar, doguwa kakkaura, da fure maƙale a kunnenta. Ta raba mana rigunan ceto, irin masu hana mutum nutsewa, ta nuna wani ƙaramin jirgi mai inji.

"Makarantunku ba a wannan tsibirin suke ba," in ji ta. "A irin wannan jirgin za ku riƙa zuwa, kuma yakan kife. Yau za mu fita tsakiyar ruwa, kowa ya faɗa, ya tsaya a kan ruwa, ya hawo da kansa. Wanda bai yi ba, ba za mu tura shi ba. Gida zai koma."

Na ɗauka kunnena ne. Na tambayi abokina, "Faɗawa? A ina?"

Ya yi dariya ya ce shi ya iya iyo tun kafin ya iya tafiya. Na ce masa mu Daurawa ko tarihinmu na rijiya ne, ita ma da guga muke gaisawa da ita daga sama.

Muka fita har gaɓa ta zama siririn zare. Aka fara faɗawa ɗaya bayan ɗaya, har da wata 'yar siririyar malama da na yi zaton za ta riga ni kuka. Da aka zo kaina na leƙa. Ruwan ba shi da ƙasa, baƙi-baƙi ne, kuma motsi yake kamar mai numfashi. Na ƙanƙame katakon da nake zaune a kai. Dattijuwar ta yi magana, abokina ya yi lallashi daga cikin ruwa, hannuna ya ƙi saki. A bushe aka dawo da ni, ni kaɗai. Ta ce ta ba ni zuwa gobe.

Da la'asar na kira mahaifiyata, lokacin ita ta idar da asuba ke nan. Gaskiya so nake ta ce na dawo, tunda dama ba ta so tafiyar ba, sai na fake da umarnin uwa. Na zayyana mata komai, na ƙara gishiri. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana.

"Kai," ta ce, "yaran da za ka koyar, su ma suna shiga jirgin nan?"

Na ce, "Suna shiga, Inna. Wasu ma kullum."

"To su uwayensu ba sa son su ne?"

Ba ta jira amsata ba, ta ɗora:

"Ni ban aike ka ba. Amma tunda ka ce wa mutane za ka zo, suna can suna jiran ka. Ka yi addu'ar shiga jirgi ka faɗa. Ruwan ma bawan Allah ne."

Ta kashe wayar. Matar da ko kwalbati ba ta son na tsallaka da damina!

Washegari ban bari na leƙa ba. Na rufe ido na yi bisimilla na saki jiki. Abin da na fara ji gishiri ne, ya cika min baki da hanci. Na sha rubuta wa ɗalibai a allo cewa ruwan teku na da gishiri, ashe ban san abin da nake faɗa ba. Na shiga dukan ruwa da hannu da ƙafa. Abokina ya matso, na cafke wuyansa, muka yi ƙasa tare. Da ƙyar ya ƙwace.

Sai na ji hannu a ƙeyata. Dattijuwar ce ta shigo ruwan da kayanta.

"Malam, daina faɗa da shi, ya fi ka ƙarfi. Kwanta kamar a tabarma. Dubi sama."

Na kwanta don ba ni da sauran dabara. Kunnuwana suka nutse, hayaniya ta ɗauke, sai bugun zuciyata. Ina jiran na yi ƙasa, ban yi ba. Can na lura muryarta ta yi nisa. Ashe ta daɗe da janye hannunta.

Hawowa jirgin kuwa ba a magana. Da ciki na hau, kamar buhun gero, na kwanta ina amai, sauran suna tafi. Abokina na shafa wuyansa yana cewa ya yafe, amma ba zai manta ba.

Na yi shekara biyuna cif a wani ɗan tsibiri mai makaranta ɗaya. Jirgi bai taɓa kifewa da ni ba, Alhamdu lillahi, amma ban taɓa shigarsa ban ji tsoro ba. Da ina ganin jarumta ita ce rashin tsoro. A can na gane mutum na iya jin tsoro, kuma ya je inda ake jiransa.

Bayan na dawo, duk hutu nakan kwashi 'ya'yana a mota zuwa Kano, inda ake koya wa yara iyo. Rannan maƙwabcina ya gan mu muna loda tawul da kayan canji, ya riƙe baki.

"Malam, wahalar me kake ba yaran nan? Ina su ina teku a Daura?"

Na ce masa, "Alhaji, ni ma da haka nake cewa."