Yarinyar da ta daina magana

Ina koyar da aji biyu a wata firamare a Tsafe lokacin da wata tsohuwa ta kawo mini jikarta. Daga wani ƙauye bayan Bilbis suka gudo, bayan 'yan bindiga sun kashe uban yarinyar a gona.

"Malama, ba bebiya ba ce," in ji tsohuwar. "Da can surutunta har isar mu yake yi. Tun ranar nan bakinta ya mutu."

Na ce, "Inna, bar mini ita."

Ban matsa mata ba. Na zaunar da ita kusa da teburina, na hana yara tsokanarta. In na yi tambaya sai in ce ta nuna da yatsa, ni kuma in faɗi kalmar a hankali. Zangon karatu guda ya ƙare a haka. Wasu ranaku nakan koma gida ina jin na gaza.

Bayan girbi na kawo kayan gona aji domin yara su riƙa faɗin sunayensu. Na ɗaga wake, suka amsa. Na ɗaga gyaɗa. Da na ɗaga zangarniyar gero sai na ji wata 'yar murya a gefena.

"Na Baba ya fi wannan tsawo."

Na durƙusa na ce, "Haka ne, ɗiyata? Wa ke taya shi yanka?"

"Ni," ta ce. Sai kuka. Na rungume ta, ni ma ban iya riƙe nawa ba.

Daga nan takan yi mini magana kaɗan-kaɗan, ni kaɗai, in yara sun fita hutun tara. Har ta fara amsa sunanta da safe.

Ba a jima ba kakar ta zo sallama. Masu masaukinsu sun gaji da su, ita da yarinyar za su koma Gusau wurin wani ɗan'uwa. Na roƙe ta ta sa yarinyar makaranta a can. Ta ce to, tana kallon ƙasa.

Bara ina cikin mota a tasha a Gusau na ga yarinyar da tiren gyaɗa a ka. Sauran yara suna ta ƙwala talla, ita kuwa miƙa tiren kawai take yi ta taga. Na kira ta. Ta gane ni, ta yi murmushi, ta sunkuyar da kai. Kafin in samu hanyar sauka direba ya ja mota.