Ɗanwakena Bayan An Tashe Ni Daga Bakin Get

Ranar da aka tashe mu daga bakin get ɗin wani kamfanin robobi a Challawa, wai tireloli ba sa samun wurin juyawa, sai da na wanke mai gadin nan tas. Allah Ya yafe min, shi ma aiko shi aka yi. Shekara da shekaru ina jefa ɗanwake a wurin. Na kwaso tukwanena na dawo gida Panshekara. Maigidana ya ce in sana'ar ta mutu ƙauye za mu koma, albashinsa kaɗai ba zai riƙe mu a birni ba. Ga yara sun yi nisa a makaranta. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Maƙwabciyata, 'yar Filato da ke aiki a kamfanin, ita ta buɗe min guruf a WhatsApp ta zuba ma'aikatan a ciki, mai so ya faɗa, in aika masa a adaidaita. Kullum da hantsi in na tsame ɗanwake sai in ɗauki hotonsa, ga ƙwai ga yaji, in tura. Shiru kake ji. Sai da yamma wani zai turo alamar babban yatsa, lokacin ɗanwaken ya sandare. Na ce lallai, mutanen da na yi ta yi wa gyara!

Na same ta tana wanki na zazzage mata cikina. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Maman yara, wa ke da waya da hantsi? Duk wayoyinmu suna kulle a loka sai an tashi aiki. Ki kama mu da sassafe muna motar kamfani. Kuma ki bar hoton nan, bakinki muke kewa."

Washegari bayan Asuba na danna wayar na saki murya yadda na saba a bakin get: "Ina Bahaɗejen nan mai cin kwano biyu ya ce bai ji komai ba? Mutanen Nijar, kun farka ko sai an kaɗa muku shayi? Yau wa ke so da kabeji? Ku yi magana ko in cinye abina!"

Kafin ruwa ya tafasa wayar ta rikice. Bahaɗeje ya rantse sharri nake masa, 'yan Nijar suka taso masa, mata suka ce in rage kanwa. Wani dattijo mai tuƙa motar ɗaga kaya ya ce, "Hajiya, wallahi mun zaci fushi kike da mu." Nan na ji hawaye. Har gobe ina yi wa maƙwabciyar nan tawa addu'a, ta yi min abin da ɗan'uwa bai yi ba.

Maigidana yana ɗaura takalmi, yana jin komai. Na ce, "Malam, to maganar ƙauye fa?"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Wane ƙauye kuma? Miƙo buhun waken in ajiye miki a wurin niƙa."