Ƙwallon Dabino Guda a Tulun Surukina

Surukina 'ya'ya mata bakwai Allah ya ba shi, kuma duk bakwai ɗin a ƙauyenmu na kusa da Kamlin suka yi aure. Ni na samu ta biyar. Shi ne samad namu, wato mutumin da manoma ke zaɓa ya raba ruwan tur'a, babbar magudanar da ke kai ruwa gonaki, ya ce yau hawashar wane za ta sha, gobe ta wane. Hawasha ita ce gonar da hukumar noma ke ba magidanci ya shuka auduga. Tawa tana can ƙarshen tur'a, inda ruwa ke isowa a gajiye, in ma ya iso.

Mutumin kirki ne, wallahi, ban taɓa jin ya ci haƙƙin kowa ba. Tsufa ne ya kama masa gwiwa, ya daina takawa zuwa wajenmu. Na bakin ruwa da suka gane haka sai su buɗe, gonarsu ta sha ta ƙara, mu na baya muna kallon audugarmu tana yaushi. Shekara biyu a jere furen tawa yana zubewa kafin ya ƙulla. Mufattish, jami'in da ke duba gonaki, ya faɗa mini ido da ido cewa in ta uku ta zo haka zai karɓe hawashar ya ba wani.

To, a sauya samad mana! Hm. Kowace shekara akan taru a ƙofar masallaci, liman ya ce wanda ke son tsoho ya ci gaba ya ɗaga hannu. Yanzu don Allah, mutumin da kake tuɓe takalmi tun daga nesa in ka hango shi, wanda ba ka iya haɗa ido da shi, shi ne za ka bar hannunka a cinya yana kallonka? Mu bakwai da muka auri 'ya'yansa mu ɗaga, iyayenmu da ƙannenmu su bi don kar su ba mu kunya, shi ke nan an gama zaɓe. Mu watse kowa yana tsaki a ciki.

Matata ce ta kawo mafita, 'yar cikinsa. A shekarar ne aka fara barin mata su jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa. Ta je makaranta ta jefa tata, ta dawo baki har kunne. Na tambaye ta wa ta zaɓa, ta ce, "Malam, ai don kar ka sani aka sa labule." Na ji haushi, ban ɓoye ba. Sai ta ƙara da cewa, "Ku da kuke ta ƙunƙuni a kan ruwa, labulen ne ya gagare ku?"

Na kai wa liman maganar kamar tawa ce. Ya tara mutane aka yi ta ja-in-ja har aka tsaya a kan ƙa'ida, ya rubuta da ajami: kowane mai hawasha ƙwallon dabino ɗaya, samad shekara biyu a sake zaɓe, wanda ya faɗi ya miƙa wa wanda ya ci hannu gaban jama'a. Da aka karanta wa tsoho, "Tamam" kawai ya ce.

Ranar Juma'a bayan an sauko aka kafa zana, aka ajiye tuluna biyu a bayanta. Na tsoho an ɗaura masa farin ƙyalle, ja kuwa na abokin takararsa, wani dogon magidanci mai son yawo da ya auro matarsa daga Dinder, ba ruwansa da kunyar kowa. Aka cusa auduga a gindin kowane tulu don kar a ji faɗuwar ƙwallo daga waje.

Na shiga bayan zanar da ƙwallona a hannu. Na ce a raina, ai sauran shidan za su ba shi, nawa guda zai ɓace cikin taro. Na jefa a ja, na fito ina wani sunkuyar da kai kamar mutumin arziki.

Liman ya juye jan tulu, ƙwallaye suka zubo tuli. Ya juye farin, shiru. Ya girgiza, ya sa hannu ya zaro audugar, sai ga ƙwallo ɗaya tak ya faɗo kan tabarma. Innalillahi! Ashe dukanmu dabara ɗaya muka yi. Babu wanda ya iya ɗaga ido. Tsoho ya dafa sanda ya miƙe, ya ba dogon nan hannu, ya yi masa addu'a, ya wuce gida.

Kafin mako ya zagayo ruwa ya shiga hawashata har kunyar ƙarshe. Na tsaya cikinsa da wandona ina dariya ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Amma gaida suruki tana nan tana jirana, matata kuma ta hana ni sakat.

Na je da hantsi, na tuɓe takalmi, na durƙusa nesa. Bayan gaisuwa, Allah ya gafarta mini, na ce, "Baba, ƙwallon nan guda da aka samu a tulunku, ni na jefa shi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, yana share hawaye da bakin rawani.

"Sannu ɗana, kai ne na bakwai da ya kawo mini ƙwallon nan," in ji shi. "Ni kuwa nawa a jan tulu na jefa, gwiwata ta daɗe tana roƙona. Ka ga ke nan wataƙila ɗayanku gaskiya ya faɗa. Ban san ko wane ne ba, kuma ba na so in sani. Na karɓa daga hannun ku duka."