Usta Halafallah, Wanda Ya Mai da Kan Jirgi Wurin Shan Ruwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Safar, da hantsi, Allah ya karɓi ran Usta (wato gwanin sana'a) Halafallah wad Babikir, ɗan Babikir ke nan, tsohon mai zuba kwal a jirgin ƙasa, yana da shekara tamanin da ɗaya.

Ni mai yankan ƙarfe ne, kuma da wutar yanka a hannuna na fara saninka, Baba Usta, shekara goma sha ɗaya ke nan. An sayar wa 'yan gwangwan tsohon kan jirgin nan mai kwal da ke ƙarshen layin tasharmu, aka turo ni in daddatsa shi. Na iso da tukwanen gas, rana ta take, sai na tarar da abin da har yau nake juyawa a raina. An wanke tankin ruwan jirgin, an jawo tiyo daga famfonsa zuwa randuna huɗu da ke jere a inuwarsa. Masu raƙuma na sha, matan da suka taso daga kasuwa na sha. A jikin tukunyar jirgin an rubuta "sabil" da farin fenti, wato ruwan sadaka.

Ka ga tukwanen gas. Moɗa kawai ka miƙo, ni kuwa ƙishi ya ci ni, na shanye har na ƙara. Sannan ka ce, "To ɗana, ka sha. Bismillah, ta ina za ka fara?"

Wallahi na kasa kunna wutar. Wa zai sa wa sabil wuta jama'a na kallo? Na koma na ce wa maigidana gas ya ƙare. Ya zo da kansa a fusace, shi ma ka tare shi da moɗa, ya koma yana gunaguni. Takardar cinikin tana nan har gobe. Ba wanda ya soke ta, ba kuma wanda ya yarda a ce shi ya zartar da ita.

Son sani ne ya riƙa dawo da ni wurinka. Kullum da sassafe kana kora amalanken jaki zuwa kogi, sawu uku, ka cika tankin. Hajiya Sittal-Banat takan ce tun da aka ɗaura muku aure ba ka taɓa cika randar gida ba, sai ta jirgi. In ka gama, sai ka ɗauko man inji ka bi ƙafafun jirgin da suka shekara talatin ba su juya ba. Nakan tambaye ka, me ya haɗa mai da ruwan sha? Sai ka zuba min gahawa, ka shiga labarin yadda kuke dafa wake a kan shebur a bakin wutar jirgin. Abu ɗaya nake so in sani, ka kuwa gane: dabara ce ta ceton jirgin ko sadaka? Shekara da shekaru kana zille min.

Kwana huɗu kafin rasuwarka na je duba ka da la'asar. Ba tambayarka na yi ba, kai ka riƙe hannuna ka ce, "Mirgani, don ƙarfen na fara. Ko mai ƙishi ɗaya ban tuna ba a lokacin. Kana ganin za a rubuta min lada?"

Ni ba malami ba ne, sai na ce ban sani ba. Wannan amsar tana damuna ƙwarai. Sai ka ce in tankin ya kwana biyu a bushe, 'yan gwangwan za su dawo da gas. Tun ranar Laraba ni ke kora jakin. Bai saba da ni ba, sawu biyu kawai yake yarda mu yi, amma randunan ba su ƙafe ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Sittal-Banat, da 'yarsa Ihlas, da tsofaffin abokan aikinsa. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. Ya Allah, ka jiƙan bawanka Halafallah, ka yalwata kabarinsa. Niyyarsa ta farko kai ka sani. Mu dai shaidarmu ita ce, mun zo da ƙishi mun sha.